Zuwa ga ɗana a Dallas, kan jarrabawar da kake shiri

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar mahaifiyarka da ta motsa da shigowar sanyi. Ƙanwarka ce ke riƙe da biro, amma maganar tawa ce, na kuma hana ta gyara mini ko kalma ɗaya.

Takardun da ka aiko na sa ta karanta mini har sau biyu. Na gane ƙungiyar masu binciken makulli, IAIL, ita ke ba da shaidar ƙwarewar, a ƙarƙashin ALOA, babbar ƙungiyar masu sana'armu ta Amurka mai hedikwata a garin da kake, kuma in ka ci jarrabawa za a riƙa rubuta CFL a bayan sunanka, wato ƙwararren mai binciken makulli da ke ba da shaida a kotu. Na yi murna, Allah ne shaida. Shekara 38 ina goga zarto a rumfa, ban taɓa zaton za a wayi gari alƙali ya tsaya sauraron ɗan mai yankan makulli ba.

Aikin kansa bai ba ni mamaki ba. Tun kana rarrafe na san kwaɗo ba ya mantuwa. Ƴan fil-fil ɗin cikinsa na tagulla ne, ƙarfen da ɓarawo ke zurawa ya fi su tauri, dole ya bar musu tabo. Cin da makullin gida ke yi wa fil yau da gobe daban, karcen waya daban, haka lotsawar da ake samu in an zura makulli an doke shi ta baya. Ni da ido da hasken rana nake dubawa, ku da madubin ƙara girma da kyamara. Ya yi kyau da ake koya muku a ɗauki hoto kafin a kwance, a ajiye kowane fil bisa jerinsa, a rubuta duk hannun da kwaɗon ya bi, kada kuma kowa ya zura masa makulli wai don gwaji, domin zurawa ɗaya na iya shafe shaida. Ina ma an koya mini wannan na ƙarshe da wuri.

Abin da ya hana ni barci daban ne. Ɗan kawunka ya ce kun yi waya, ka ce masa kamfanonin inshora ke da aikin, biya kuma da awa suke yi. Mutum ya ce an sace masa mota, kamfani na zargin shi ya ɓoye ta, sai a kira irinku a duba kubar motar a ce ɓalle ta aka yi ko kuwa da makullinta aka tayar. Ya ce kana faɗa kana dariya. Dariyar me kake yi? Wanda ya ɗauke ka aikin yana da amsar da yake son ji, ko bai furta ba. Idan baki ya ci, ido kan ji kunya. Yau ka faɗi abin da ba ya so, gobe ya kira wani, kai kuma ga haya, ga yara, ga mu nan muna jiran aike. A nan Shaiɗan zai zo maka, ba zai ce ka yi ƙarya ba, zai ce abin da kake kokwanto ka faɗe shi da ƙarfin murya.

Kada ka ce mini akwai doka. Na ji bayaninka cewa tun hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a shari'ar Daubert a 1993 alƙalin kotun tarayya ke tantance ko hanyar binciken ƙwararre abin dogaro ce kafin a saurare shi, kuma lauyan ɗaya ɓangaren zai yi maka tambayar ƙwaƙwaf. Alƙali hanya zai duba, ba zai leƙa zuciyarka ba. Ka san hadisin: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana kishingiɗe yana lissafa manyan zunubai, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru. Na biya maka kuɗin Islamiyya don irin wannan rana, ba don ka iya karatu da murya mai daɗi ba.

Ka san maganar yaron shagon nan, ba sai na maimaita ba. An yi sata a shagon, aka miƙo mini kwaɗo a tsakiyar jama'a, na zura makulli ya juya, na ce da makulli aka buɗe, sai zargi ya faɗa kan yaron. Abin da na gani na faɗa, ban karɓi ko kwabo ba, kuma ba wanda ya koya mini in ce ban tabbata ba. Wata bakwai ya yi a tsare. Har yau in na hango mahaifiyarsa sai in sake hanya. Dukan da na yi maka ranar da ka buɗe akwatin Goggo da waya, wanda na san har yanzu yana ranka, a shekarar ne. Ba ƙinka nake ba, hannunka na gani ya fi nawa, sai tsoro ya kama ni.

Ka yi jarrabawarka, ɗana, na sa maka albarka, kuma na san za ka ci. Abu ɗaya nake roƙo: duk ranar da madubin bai nuna maka komai ba, ka rubuta cewa bai nuna ba, ko da aikin zai kuɓuce. In aike ya ragu saboda haka, za mu ci tuwonmu da miyar kuka kamar da, ba za ka ji ƙorafi daga gidan nan ba.

Ka sanar da ni ranar jarrabawar don mu yi maka addu'a bayan Asuba. Mahaifiyarka ta ce ka turo hoton yaran, wancan ya tsufa. Ka gai da mai ɗakinka.

Mahaifinka.