Gwajin jini: abin da ya kamata a faɗa wa mutum kafin a kai allura jikinsa

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan wani abu da ake ɗauka ƙarami, alhali yana hana mutane da yawa samun magani a kan lokaci, wato tsoron gwajin jini. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru a gidanmu a nan Bauchi, kuma na tabbata akwai gidaje masu yawa daga nan har Azare da Misau da Ningi da suke cikin irin halin da muka shiga.

Mahaifina, wanda ya haura shekara saba'in, ya fara ramewa ba tare da wani ciwo da za a nuna da yatsa ba. Ƙishirwa ba ta barinsa, kuma a dare ɗaya yakan fita fitsari sau biyar ko shida. Ya sha jiƙo, ya sha maganin shawara, ya sha na zazzaɓi daga kemis, duk babu sauƙi. Da muka matsa masa ya ga likita, sai likitan ya rubuta masa takardar gwajin jini, kuma wannan takarda ta yi kusan wata uku a aljihun rigarsa, a ninke, har rubutun ya fara gogewa. Duk lokacin da na yi masa maganar, amsarsa ɗaya ce: "Kai yaro, dubi jikina. Ɗan jinin da ya rage mini shi za a zuƙe a cika kwalba?" Ya kuma ji ana cewa masu ɗakin gwaji suna ɗibar fiye da abin da suke buƙata su sayar. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, wannan dattijo duk shekara yakan zauna a gaban wanzami a yi masa ƙaho, a tsattsaga bayansa da aska, bai taɓa ko motsawa ba. Aska ya san ta tun yana yaro, ya san inda za ta fara da inda za ta tsaya. Allurar asibiti kuwa babu wanda ya taɓa zama ya bayyana masa yadda take.

Saboda haka bari in fara da yawan jinin, tunda nan ne tsoron ya fi ƙarfi. Babban mutum yana ɗauke da jini kimanin lita 5 a jikinsa, wato kwatankwacin ledar ruwan sha guda goma. 'Yar kwalbar da ake zuba jinin gwaji a ciki takan ɗauki mililita 2 zuwa 5, wani lokaci ta ɗan fi haka, kuma cokalin shayi guda mililita 5 ne. Ko da likita ya rubuta gwaji iri uku aka cika kwalba uku, abin da aka ɗiba bai wuce cokalin shayi biyu ko uku ba. Wanda ya je ba da gudummawar jini ana ɗibar masa kusan mililita 450, ya huta kaɗan ya tashi ya tafi gida da ƙafarsa, domin ɓargon ƙashi ba ya daina ƙera sabon jini dare da rana. Batun sayarwa kuma ba shi da tushe, domin jinin da ake ƙara wa majiyyaci a cikin leda ta musamman ake tara shi, bayan an tantance mai bayarwa, kuma ɗan abin da ke cikin kwalbar gwaji ya riga ya gauraya da sinadari ko ya daskare, ba zai shiga jikin kowa ba. Kwalaben ma da ake gani masu murfi kala daban-daban, kowace da aikinta: mai murfin shunayya tana da sinadarin da ke hana jini daskarewa don a ƙirga ƙwayoyinsa, mai ruwan toka ta gwajin suga ce, ja ko rawaya kuma akan yi amfani da su wajen duba lafiyar ƙoda da hanta.

Ranar da Allah ya sa Baba ya yarda, na tsaya a kansa na ga komai daga farko har ƙarshe. Ma'aikaciyar ta gaishe shi, ta tambayi sunansa, ta rubuta a jikin kwalaben kafin ta taɓa shi. Ta sa ya miƙe hannu a kan tebur, ta ɗaure masa damtse da roba, ta ce ya dunƙule hannu, sannan ta riƙa taɓa lanƙwasar gwiwar hannunsa da yatsa har ta sami jijiyar da ta taso. Ta goge wurin da auduga mai sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, mai sanyi, ta bari ya bushe, ta yage sabuwar allura daga ledarta a gaban idonsa. Sai ta ce, "Baba, ka dubi ɗanka, za ka ji kamar cinnaka ya cije ka." Na ga fatar goshinsa ta tattare na ɗan lokaci, sannan ta saki. Kafin ya gama karanta abin da yake karantawa a bakinsa, ta kwance robar, ta zare allurar, ta ɗora auduga ta ce ya danne. Ya dubi kwalaben nan biyu, kowace ba ta kai tsawon ɗan yatsansa ba, ya dube ni ya ce, "Shi ke nan?" Ta ce, "Shi ke nan, Baba, sannu da ƙoƙari."

A kan tambayar ko akwai zafi, ba zan ce babu ba, domin wanda aka ce wa babu zafi sannan ya ji zafi ba zai sake yarda da mai maganar ba. Akwai zafi, amma ɗan gajere ne, a daidai lokacin da allura ta huda fata, kamar sukar ƙaya. Da zarar ta shiga jijiya, yawancin mutane ba sa jin komai sai matsin robar da ke damtse, kuma ɗibar kanta ba ta cika wuce minti ɗaya ba. A nawa ganin, allurar da ake yi wa mutum a ɗuwawu idan yana zazzaɓi ta fi wannan ciwo nesa ba kusa ba, saboda a can ana tura ruwan magani ne cikin tsoka. Sukar ɗan yatsa da ake yi don gwajin maleriya ko na suga ma, ga wasu, ta fi ta jijiya raɗaɗi duk da ɗigo ɗaya ake nema, domin kan yatsa wuri ne mai saurin jin taɓi. Inda ake ɗan wahala shi ne idan jijiya ta ɓuya, kamar ga ƙananan yara, da masu jiki, da wanda amai da gudawa suka tsotse masa ruwa. A nan akan soka fiye da sau ɗaya ko a koma bayan tafin hannu, kuma mutum yana da damar ya nemi a kira wanda ya fi ƙwarewa idan an gwada sau biyu ba a dace ba.

Ina roƙon iyaye mata musamman su daina tsorata yara da allura idan sun yi ƙiriniya. Yaron da aka saba ce wa "za a kai ka a yi maka allura" shi ne wanda mutum uku za su danne ranar da rashin lafiya ta zo. Ya fi kyau a faɗa masa gaskiya cewa zai ji zafi kaɗan sannan ya wuce, a ɗora shi a cinya a rungume shi, a juya fuskarsa ga barin kallon allurar.

Akwai wani ruɗani da ya ci mana kwana guda, kuma ina ganin laifin rashin bayani ne. A zuwanmu na farko wani ɗakin gwaji, babu wanda ya gaya mana cewa gwajin suga irin wanda likita ya rubuta yana buƙatar mutum ya zo bai ci komai ba. Baba ya sha kokonsa da ƙosai, muka biya kuɗin Keke, muka bi layi, sai da aka zo kanmu aka ce mu koma gobe "da azumi". Shi kuwa da ya ji kalmar azumi, sai ya ɗauka irin na ibada ne, ya ce ko ruwa ba zai sha ba. Abin da ake nufi shi ne a daina cin abinci da shan duk wani abu mai zaƙi, har da shayi da kunu, na awa 8 zuwa 12, galibi daga bayan abincin dare zuwa safiya. Ruwa zalla kuwa ana so a sha, domin yana sa jijiya ta cika a same ta da sauƙi. Ba kowane gwaji ne ke buƙatar wannan ba. Gwajin maleriya, da na rukunin jini, da na sikila, da na ciwon hanta, da na cuta mai karya garkuwar jiki, duk ana yinsu ko mutum ya ƙoshi. Wanda ke shan magani kullum, musamman na suga ko na tsinka jini irin su asfirin, ya faɗa wa likita tun kafin ranar, kada ya daina sha da ra'ayin kansa. Game da watan Ramadan kuma, malamai da yawa sun bayyana cewa ɗan jinin da ake ɗiba don gwaji ba ya karya azumi, kuma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba sai ya tambayi malaminsa maimakon ya ɗage gwajin har bayan Sallah.

Wasu mutane, har da ƙarafa majiya ƙarfi, jiri yakan ɗebe su ko su suma idan sun ga jini. Wannan ba alamar jini ya ƙare ba ce, kuma ba abin kunya ba ne. Bugun zuciya ne ke raguwa na ɗan lokaci saboda fargaba, jinin da ke hawa kai ya yi ƙasa, kuma da an kwantar da mutum an ɗaga ƙafafunsa yakan dawo hayyacinsa cikin mintuna kaɗan. Duk wanda ya san hakan ta taɓa faruwa da shi ya faɗa tun farko a ɗebi jinin yana kwance. Bayan an gama, a danne audugar sosai na minti biyu ko uku hannu a miƙe, kada a murza wurin, kada kuma a ɗauki kaya mai nauyi da hannun nan take. Idan wurin ya yi ɗan duhu saboda jini ya taru ƙarƙashin fata, yakan washe da kansa cikin mako ɗaya ko biyu. Kumburi mai ƙaruwa, ko zafi mai tsanani da ke sauka har yatsu, ko jinin da ya ƙi tsayawa, su ne abubuwan da za su sa a koma asibiti ba tare da jinkiri ba.

Sakamako kuma ba lokaci ɗaya yake fitowa ba. Gwajin maleriya na gaggawa yakan nuna cikin minti 15 zuwa 20, na suga da ake yi da 'yar na'ura cikin daƙiƙu, wasu kuma sai washegari. Wanda ake shuka jini a jira a ga ko ƙwayar cuta za ta tsiro, kamar yadda ake tabbatar da taifot, yana ɗaukar kwanaki. A nan ina da ƙorafi a kan ɗabi'ar da ta zama ruwan dare, inda mutum zai karɓi takardar sakamako ya wuce kemis kai tsaye a haɗa masa magani. Gwajin Widal da ake yawan yi ba ya isa shi kaɗai ya tabbatar da taifot, domin yakan nuna alama ko ga wanda ya taɓa yin cutar ya warke tuntuni. Takardar sakamako ta likitan da ya rubuta gwajin ce, shi zai haɗa ta da abin da ya gani a jikin majiyyaci. Mu a jihar nan, inda zazzaɓin Lassa ke ɓulla kusan duk rani, bai kamata a riƙa yi wa kowane zazzaɓi kuɗin goro ba.

Sakamakon Baba ya nuna suga ya haura ma'aunin 126 da likitoci ke ɗauka alamar ciwon suga ga wanda bai ci abinci ba, kuma ya haura da nisa. Aka maimaita a wata rana aka tabbatar, aka ɗora shi a kan magani, aka gyara masa abinci. Watanni ukun da takardar ta yi a aljihu su ne suka fi yi mini ciwo, domin ciwon suga yana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa a hankali ba tare da mai shi ya sani ba. Haka nake tunanin matasan da ke guje wa gwajin sikila kafin aure, alhali idan namiji da mace duka AS ne, wato suna ɗauke da gadon sikila amma ba su da ciwon, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato yaro mai ciwon sikila. Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, amma doka kaɗai ba za ta cire fargaba daga zuciyar wanda bai san abin da zai tarar a bayan ƙofar ɗakin gwaji ba.

Don haka kirana ga ma'aikatan ɗakunan gwaji, tun daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa har zuwa ƙananan asibitocin ƙauyuka, shi ne su ware minti ɗaya su yi wa mutum bayani da Hausa ko Fulatanci ko duk harshen da yake ji: nawa za a ɗiba, don me, zai ci abinci ko ba zai ci ba, yaushe zai dawo. Na san layi yana da tsawo kuma ma'aikata ba su da yawa, amma ma'aikaciyar da ta ɗebi jinin mahaifina ita ma layin ne a gabanta, kuma ta yi. Gidajen rediyonmu ma su sa wannan cikin shirye-shiryensu na lafiya, tunda dattawa irin Baba rediyo suke saurare. Yanzu duk ƙarshen wata shi da kansa yake tuna mini cewa lokacin awon suga ya yi, kuma makon jiya na ji shi a ƙofar gida yana nuna wa wani amininsa tsawon kwalbar da ɗan yatsansa, yana ce masa ya je a duba shi.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Naku mai karatu,
daga unguwar Jahun, Bauchi.