Rahoton ayyukan shekarar 2024 na ƙungiyarmu ta ƴan sa-kai masu sa ido kan annoba a Damagaram

Assalamu alaikum. Iyayenmu, malamai, ƴan uwa mambobi maza da mata, ga abin da biro, wato kwamitin shugabannin ƙungiya, ya ɗora mini in kawo muku game da aikin shekarar 2024. Lissafin kuɗi ba ya cikin wannan takarda, ma'aji za ta karanta nata dabam.

Saboda waɗanda suka shigo bana, bari in tuna mana mafarin tafiyar. Ranar 19 ga Maris 2020 aka sanar da mutum na farko da korona ta kama a Nijar. Aka rufe masallatai da makarantu, har abin ya kai ga tarzoma a Mirya. Abin da muka gani a lokacin shi ne, umarni yana tasowa daga Yamai, ya ci kusan kilomita 900, ya iso Birni da Zango cikin yini ɗaya, amma labarin mara lafiyar da ke kwance a ƙuryar ɗaki sai ya kwana uku bai kai likitar unguwa ba. Wannan ɗan tsakanin, daga ƙofar gida zuwa teburin majo, wato shugaban likitar unguwa, shi muka ce za mu tsare. Kuma ba mu samu hutu ba: kwalara a 2021, sai sanƙarau wanda daga farkon Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023 ya kama mutum 559 a jiharmu, 18 suka rasu, Dungas ta fi kowa jin jiki, sannan mashaƙo a 2023 wajen Matamaye da Kance. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Ƙa'idarmu tana nan yadda take. Ba mu ba da magani, ba mu yin allura. Muna gani, mu kira, mu raka.

Shekarar ta fara mana da lokacin sanƙarau, daga sanyi har faɗuwar ruwan farko. Mun fi ba da ƙarfi a makarantun allo, inda yara ke kwana da yawa a zaure ɗaya, kuma malamai sun karɓe mu hannu biyu. Abin da muka roƙe su kaɗan ne: almajirin da zazzaɓi ya rufe, wuyansa ya sanƙare, kada a jira gari ya waye. Ga mata kuma mun nanata maganar maɗigar jariri in ta kumbura. Gardamar da muka fi sha ita ce "ai an yi mana ta sanƙarau tun tuni". Gaskiya ne an yi, amma allurar da aka fara a 2010 ta nau'in A ce, wanda ya addabe mu a 2022 kuwa nau'in C ne. Mamban da ya iya faɗin wannan cikin natsuwa ya fi wanda ya je da faɗa samun shiga, mun gwada duka biyun.

Aikin da na fi alfahari da shi bana shi ne zaman da muka yi da wanzamai. Kowa a nan ya sani, yaro in maƙogwaro ya hana shi haɗiya, kafin a tuna da likita an tuna da wanzami, a ce beli ne a cire. Mashaƙo kuwa haka yake farawa, da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, sai wuya ya kumbura, wani farin yauƙi mai kauri ya lulluɓe ciki har numfashi ya gagara. Wasu cikinmu sun so mu fito a rediyo mu yi tir da sana'ar gaba ɗaya. Biro bai yarda ba, kuma har yau ina ganin daidai muka yi, don wanzami yana shiga gidan da ni da ku sai mun yi sallama uku ba a amsa ba. Muka bi ta hannun shugabanninsu, muka gayyato wata ma'aikaciyar lafiya ta nuna musu hotuna, ta faɗa musu cewa cutar tana iya bin su har gida ta kama nasu ƴaƴan. Wani dattijo cikinsu ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce ya taɓa ganin irin wannan, bai san sunansa ba ne kawai. Tun daga nan wasunsu suna kiranmu kafin su buɗe zabira. Ba duka ba. Akwai waɗanda suka ce muna son toshe musu hanyar abinci, kuma ba mu da amsar da za ta ƙosar da su, tunda kowane yaro da suka tura likita kuɗinsu ne ya tafi.

Mashaƙo yana da rigakafi, tana cikin allurar da ake yi wa jariri a mako 6, da 10, da 14. Mata mambobi sun bi gida-gida suna duba karne, wato katin rigakafin yara, kuma inda ake yawan tsinkewa shi ne ta uku: ko uwa ta tafi wankan gida ƙauye, ko yaron ya yi zazzaɓi bayan ta biyu uban ya hana. Waɗanda muka samu mun raka su. Ina jinjina wa iyayenmu mata na Kara-Kara da Garin Malam, su suka ɗauki wannan wahala, mu maza galibi sai a wurin taro ake ganinmu.

Daminar bana ba sai na ba ku labari ba. Ruwan da ya kayar da tsohon masallacin Birni a watan Satumba ya kayar da gidaje da masai da yawa, kuma tsoronmu shi ne kwalara. Muka koma wajen ƴan garuwa da masu abinci a bakin Kasuwar Dole, muna maganar wanke jarkoki da sa maganin tsarkake ruwa. Garin da ake layin ruwa tun asuba, ce wa mutum ya yawaita wanke hannu sai an yi da dabara. A cikin watannin nan ne kuma muka taimaka wa masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin damina na yara ƴan wata 3 zuwa 59. Namu shi ne komawa rana ta biyu da ta uku, don ƙwayar ranar farko a gaban mai rabo ake sha, sauran biyun kuma sau da yawa a ƙarƙashin katifa suke ƙarewa.

Yanzu inda muka gaza. Alkawarin da muka yi bara na buɗe reshe a wani ƙauyen kan iyaka bai cika ba, ga shi kuwa cuta ba ta tsayawa a shingen bincike da ke tsakaninmu da Jigawa da Katsina. Kuɗin wata-wata ba ya shigowa yadda ya kamata, har ta kai wata mamba ta ga yaro da alamun da muke tsoro cikin dare, wayarta babu kiredi, sai da ta tashi maƙwabci. Yaron ya tashi, alhamdu lillahi, amma kunyar tamu ce. Maganar abin hawa da dare ma tana nan. Mun yi yarjejeniya ta baki da wasu ƴan kabu-kabu, biyu suka riƙe amana, sauran in an kira waya a kashe. Sannan littafin da muke rubuta kiran da aka yi, akwai unguwannin da suka bar shi fari fat tun bayan sallar layya. In ba mu rubuta ba, majo ba shi da abin da zai hau da shi gaba, mu ma ba mu da bakin neman taimako wurin kowa.

Don haka biro yana kawo shawara uku gaban taro. A ware wani kaso na kuɗin wata don kiredin masu kira kaɗai, kada a taɓa shi ko don shayin taro. A mayar da yarjejeniyar ƴan kabu-kabu rubutacciya a gaban mai unguwa. A kuma sake zama da wanzamai kafin sanyi ya kama, wannan karo tare da ungozomomi da masu tallar magani, tunda su ma mara lafiya yana biyawa ta wurinsu kafin ya iso gare mu.

Wanda ke da gyara a kan wannan rahoto ya kawo shi bayan ma'aji ta gama nata. Masu riƙe da littafin unguwa kuma su miƙa shi ga magatakarda kafin a tashi, ko da babu komai a ciki.

Wassalam.
Magatakardan ƙungiya, a madadin biro