Wasiƙa zuwa ga Alhaji Sani kan aikin Zainab

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.

Aminina Alhaji Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya kai da Hajiya da yara, ya Fatakwal, ya ruwan saman nan naku da ba ya ɗaukewa? Saƙonka ya iso ni, na yi murna ƙwarai da jin 'yata Zainab ta kammala karatun jinya. Allah ya sanya albarka. Ka tambaye ni ko ta dawo Kano neman aiki, da kuma ta inda za ta fara. To ga abin da nake gani.

Kafin komai, lasisi. Takardar makaranta kaɗai ba ta ba ta ikon taɓa majinyaci ba, sai ta ci jarrabawar Hukumar Jinya da Ungozoma ta Ƙasa, wato NMCN, an yi mata rajista an ba ta lamba. Shekara 3 lasisin yake yi, kuma ba a sabunta shi sai da shaidar halartar bitar ƙarin ilimi. Tun yanzu ta baje takardunta a tabarma ta duba sunanta harafi bayan harafi: na sakandare, na haihuwa, na ƙaramar hukuma, katin NIN da na makarantar jinya. Yaranmu da yawa a nan suke maƙalewa. Wannan takarda ta ce Muhammad, waccan Mohammed, wata kuma an liƙa sunan gari a ƙarshe. Kwamfuta ba ta san mutum ɗaya ba ne, sai ka ga an riƙe albashi wata da watanni ana zaryar kotu ana rantsuwa. Idan digiri ta yi, akwai shekarar sanin makamar aiki a asibiti, sannan bautar ƙasa, inda alawus ya koma naira 77,000 a 2025. Mai digiri kan shiga aikin gwamnati a mataki sama da na mai difloma.

Aikin gwamnati a Kano iri uku ne. Akwai na tarayya, irin su Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala. Nan ne albashi ya fi kauri, nan ne kuma layi ya fi tsawo, don gurbin na duk ƙasa ne, ana raba shi jiha-jiha. Akwai na Hukumar Kula da Asibitoci ta jiha, mai riƙe da Murtala, Nassarawa, Hasiya Bayero, Asibitin Zana da manyan asibitocin ƙananan hukumomi. Sai Hukumar Lafiya Matakin Farko, wadda ƙananan asibitocinta suka bazu a ƙananan hukumomi 44. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, ko'ina ka leƙa ana kukan ƙarancin nas, amma ɗauka ba kullum ba ce. Sai gwamnati ta amince da kuɗi, a ɗebi rukuni guda, a rufe ƙofa. Kuma kowa cikin birni yake so. Wadda ta yarda a tura ta Doguwa ko Sumaila ta fi kusa da samu, ta kuma fi saurin gogewa, don a can babu wanda za ta ɓuya a bayansa.

Na san za ka ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Haka ne, sanayya tana aiki, ba na musu. Amma duk wanda ya zo maka da maganar a ba shi kuɗi ya kawo ofa, ka sallame shi. Takardun bogi sun yi yawa, kuma ranar tantance ma'aikata asiri yake tonuwa, ga asarar kuɗi ga zubar da mutunci.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne kada ta zauna a gida tana jiran gwamnati. Hannun nas yana mantuwa. Wadda ta yi wata 8 ba ta nemi jijiya ba, ranar da aka miƙo mata jariri mai gudawa jiki duk ya bushe, hannunta rawa zai yi. Ta shiga asibitin kuɗi ko da albashin bai taka kara ya karya ba. Ƙarami ne kam, domin wasu masu asibitin sun gwammace su ɗauki waɗanda suka koyi allura a bakin aiki su biya su abin da suka ga dama. Sai dai ta tabbatar da abu uku kafin ta sa farin kaya: asibitin yana da rajista da hukumar jiha mai sa ido kan asibitoci masu zaman kansu, za a ba ta takardar kama aiki mai kwanan wata da hatimi, kuma akwai likita ko babbar nas da take kwana a wurin. Kada ta yarda a bar ta ita kaɗai da dare da mai naƙuda, ko a sa ta rubuta maganin da ba huruminta ba. In abu ya ɓaci lasisinta za a nema. Wannan takardar kama aikin kuwa, ita ce za ta ƙirga mata shekarun ƙwarewa duk inda ta nufa gaba. Ƙungiyoyin agaji ma suna ɗauka lokaci-lokaci, kamar likitocin MSF da suke kula da yara masu tamowa a Unguwa Uku. Biyansu ya fi, amma kwantiragi ne.

A intabiyu ba tarihin jinya ake tambaya ba. Za a ce mata ga ledar ruwa mai mililita 500, ana so ta ƙare cikin awa 4, igiyar kuma ɗigo 20 ne mililita ɗaya, ɗigo nawa za ta saita a minti? Ta ninka 500 sau 20, ta raba da minti 240, amsa wajen 42. Ko a ce mace ta haihu jini ya ɓalle, me za ki fara yi? Ko mai jijjiga an yi mata allurar magnesium sulphate, me za ki duba kafin ta gaba? Numfashi, yawan fitsari da motsin gwiwa. Ta maimaita irin waɗannan har su zauna mata a ka.

Da zarar ta samu wurin tsayawa, ta ƙara takarda ta biyu. A wajenmu ungozoma ce kan gaba, domin mata sun fi sakewa da mace a ɗakin awo da na haihuwa, kuma ƙaramin asibiti ya fi son ma'aikaciya ɗaya mai iya duka biyun. Bayan ita akwai jinyar ƙashi a Dala, ta ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, sannan tiyata, wankin ƙoda da kula da bakwaini, waɗanda masu su ba su cika zama babu aiki ba.

Batun fita waje da Hajiya ta ambata, a bi shi a hankali. Saudiyya tana so a tantance takardu ta hannun kamfanin DataFlow, a ci jarrabawar lasisinsu ta Prometric, a kuma nuna shaidar an yi aiki. Ingila tana neman maki 7 a jarrabawar Turanci ta IELTS, ana sassautawa zuwa 6.5 a rubutu, sai jarrabawar kwamfuta, sai ta gwaji a aikace bayan an isa can. Najeriya tana cikin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a riƙa zuwa ana kwashe musu ma'aikatan lafiya, don haka nas da kanta take nema, kuma ejan da ya ce shi wakilin asibitin gwamnatin Ingila ne abin tuhuma ne. A Fabrairun 2024 ma NMCN ta fito da sharaɗin sai an yi shekara 2 ana aiki kafin ta tantance wa mai fita takardu, har nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Ta riƙa leƙa shafin hukumar kafin ta kashe ko sisi.

In ta shirya tahowa, ta zo da takardu na asali, kwafi 5 na kowacce da hotuna ƙanana. Ɗakin yaran nan yana nan, babarsu ta ce ba ta yarda ta sauka wani wuri ba. Ka gaida Hajiya da kyau, ka shafa mini kan auta.

Naka,
Malam Garba