Ga ƙanena likita da ya yi mini tambaya a Gombe

Assalamu alaikum.

A taronmu da sababbin likitoci ka miƙe ka ce shekarar sanin makamar aiki wata 12 ce kacal, an raba ta uku-uku tsakanin sashen manya, tiyata, yara da haihuwa, ga kwanan asibiti, to ina za a cusa darasin aukuwar bala'i? Lokaci ya ƙure ban amsa maka yadda nake so ba.

Ranar 16 ga Yuli 2015, jajibirin ƙaramar Sallah, bom ya tashi a babbar kasuwar Gombe, kusan mutum 50 suka rasu. A irin wannan rana ba motar asibiti ke kawo mutane ba, Keke Napep ne da a-kori-kura. Kafin babban likita ya baro gida, wa ke tsaye a ƙofar imajansi? Kai ne, ko wani sa'anka.

Makaranta ta koya maka ka zauna da majinyaci ɗaya, ka ji tarihinsa, ka duba shi daga kai har ƙafa. Ranar da mutum 40 suka shigo lokaci guda, wannan tarbiyyar ce za ta ɗaure maka hannu. Ƙafarka za ta kai ka wurin mai ihu, alhali mai ihu yana numfashi. Wanda ya yi shiru a gefe, jini na zuba a cikinsa, shi ne ke tafiya. Sai an koya maka tantance majinyata da kala huɗu: mai iya takawa da ƙafarsa kore ne, ya koma gefe. Wanda numfashinsa ya haura 30 a minti, ko ba a jin bugun jininsa a wuyan hannu, ko ba ya gane abin da ake ce masa, ja ne, yanzu-yanzu. Rawaya zai iya jira. Baƙi shi ne wanda ka buɗe masa hanyar iska bai numfasa ba, dole ka wuce shi. Wallahi wannan na ƙarshen yana da nauyi, kuma ba na so ka fara koyonsa 'yan'uwan mutum na riƙe da rigarka.

Ba wata guda nake nema ba. Yini biyu a farkon shekara sun isa, sannan atisaye kowane wata uku tare da nas-nas, masu tura gado da masu gadi, da ƙyallaye kala huɗu. Bayan ambaliyar madatsar ruwan Alau a Borno da gobarar tankar Majiya a Jigawa a 2024, ina ganin ya kamata hukumar kula da likitoci ta Najeriya, MDCN, ta sanya wannan cikin sharuɗɗan ba da cikakken lasisi. Kafin nan, ka tara abokanka, ni zan zo da ƙyallayen.

Yayanka a aiki.