Kuka da kuɓewa 'yan gida ɗaya ne, a gyara littattafanmu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na shekara ashirin da biyu ina koyar da kimiyyar halittu a sakandare, kuma makon jiya wata ɗalibata ta tsayar da ni a aji. Na rubuta a allo cewa kuka tana dangin Bombacaceae, kamar yadda littafin da ke hannuna ya ce. Yarinyar ta ɗaga hannu ta ce yayanta da ke jami'a ya gaya mata an rushe wannan dangin. Na ce ta zauna. Da daddare na bincika, sai ga shi ita ce da gaskiya. Washegari na ba ta haƙuri a gaban 'yan ajin.

A da, masana suna raba tsirrai dangi-dangi ne ta hanyar duba fure da ganye da 'ya'ya. Yanzu kuwa gadon da ke cikin tsiron ake karantawa. A cikin koren ganye akwai wasu 'yan ƙwayoyi da ake kira kuloroflas, su ne ke sarrafa hasken rana ya zama abinci, kuma suna da nasu DNA, wato kundin da gado yake rubuce a ciki, daban da babban kundin da ke cibiyar ƙwayar halitta. Kundin kuloroflas gajere ne, bai cika wuce haruffa 160,000 ba, yana sauyawa a hankali, kuma a yawancin tsirrai masu fure daga uwa kaɗai ake gadonsa. Shi ya sa yake da daɗin bin salsala. A 1986 masana a Japan suka fara karanta shi ɗungurungum, a jikin ganyen taba. A 1993 aka kwatanta wani yanki nasa mai suna rbcL a tsirrai kusan 500, sannan a 1998 wani rukunin masana da ake kira APG ya fitar da sabon jadawalin dangogi, wanda aka sabunta a 2003 da 2009 da 2016.

To ga inda abin ya shigo tukunyarmu. Kuka da rimi, da lalo, da goro, waɗanda da aka raba su gida uku, duk an mayar da su dangin Malvaceae, wato gidansu kuɓewa da yakuwa da rama da auduga. Da na faɗa wa mai ɗakina, ko ɗago kai ba ta yi daga kaɗa miya ba. Ta ce, "Malam, ai duk mai girki ta san kuka da kuɓewa da lalo yauƙinsu ɗaya." Na rasa ta cewa. Goron ne dai har yanzu take musu a kai.

Wuta-wuta da ke cinye mana dawa da gero ita ma an ɗauke ta zuwa Orobanchaceae, dangin tsirran da ke tsotson saiwar wasu. Bagaruwa da dakwara mai ba da ƙaro, waɗanda da ake kiransu Acacia, an sauya musu suna: bagaruwa ta koma Vachellia, dakwara ta koma Senegalia, aka bar wa itatuwan Ostareliya sunan Acacia. Wannan hukuncin na ƙarshe ban ji daɗinsa ba, amma haka taron masana ya tabbatar a 2011.

Ba na cewa kuloroflas ba ya kuskure. Tun da tarihin uwa kawai yake bayarwa, inda aka yi barbarar jinsi biyu yakan ɓoye ɓangaren uba, sai an haɗa da sauran DNA.

Roƙona ga masu tsara manhaja da masu buga littattafai shi ne su sake duba babin rabe-raben tsirrai. Yara suna haddace jadawalin da aka ajiye tun kafin a haife su, mu kuma muna ba su maki a kai. Ni dai na riga na ɗauki jan biro na gyara shafin a littafina.

Naka,
Malamin kimiyyar halittu, daga Funtuwa.