Sanarwa kan lambar wannan mako: 4,294,967,297

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ga bayani ga masu tambaya kan lambar da aka bayar domin a nemo lambobin da ke raba ta.

Idan aka ninka 2 da kanta sau 32 aka ƙara 1, ita ake samu. Tana cikin lambobin Fermat, wato waɗanda ake samu in an ninka 2 da kanta sau 1, 2, 4, 8, 16, 32 da sauransu aka ƙara 1. Fermat masanin lissafi ne na Faransa da ya ɗauka dukkansu ba sa rabuwa sai da 1 da kansu. Biyar na farko, wato 3, 5, 17, 257 da 65,537, haka suke. Wannan ce ta karya zancen, domin a 1732 masanin lissafi Euler ya nuna 641 tana raba ta.

Kada ku ɓata lokaci da 3, 7, 11 ɗaya bayan ɗaya. Duk lambar da za ta raba ta, dole in an cire mata 1 ta rabu da 64. A cikin irinsu, marasa rabuwa kaɗai za ku gwada: 193, 257, 449, 577, sannan 641. Huɗun farko duk suna barin saura. Ta ƙarshen tana ba da 6,700,417 cif, ita ma ba ta ƙara rabuwa.

A kula da kayan aiki don Allah. Ƙaramar kalkuleta mai gurbi takwas ba za ta ɗauki lamba mai gurbi goma ba. Masu rubuta manhaja kuma, ma'ajiya mai bit 32 iyakarta 4,294,967,295, in an zarce sai lissafin ya zagayo, lambar tamu ta koma 1. Ku yi amfani da mai bit 64.

Kowa ya turo aikinsa mataki-mataki kafin Juma'a.