Ba tsadar sandar golf ce ke kai ƙwallo nesa ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi tsokaci a kan bayanin da ya fito a shafinku na wasanni game da kayan golf, inda marubucin ya nuna cewa mai son ƙwallonsa ta yi nisa ba shi da zaɓi sai ya sayi sandar da ta fito bana. Irin wannan magana tana iya karya gwiwar matasanmu, musamman waɗanda suka koyi wasan ta hanyar ɗaukar wa manya jaka a filayen Kaduna da Kano da Jos, alhali abin da ke bambanta kan sanda da ɗan'uwansa shi ne inda maƙera suka ajiye nauyinsa.

Mu fara da doguwar sandar da ake buɗe wasa da ita, wadda 'yan wasa ke kira direba. A da, da icen fasimon ake sassaƙa kanta, ƙarami ne kuma cushe yake. A shekarar 1979 Gary Adams ya kafa kamfanin TaylorMade a Amurka, ya fito da kai na ƙarfe mai rami a ciki, sannan a 1991 kamfanin Callaway ya fitar da direba mai suna Big Bertha, mai girman kai cc 190 (cc ma'aunin girman abu ne, irin na injin babur), wadda a lokacin ake yi wa kallon ƙatuwa. Da aka koma amfani da titaniyam, wanda nauyinsa bai kai kashi 60 cikin 100 na ƙarfe ba, sai maƙera suka sami damar faɗaɗa kan ba tare da ya wuce kimanin giram 200 ba, suka kuma sirantar da fuskarsa har tana lotsawa ta dawo a daidai lokacin da ta haɗu da ƙwallo. Ganin haka ne hukumomi biyu da ke tsara dokokin wasan, R&A ta Sikotilan da USGA ta Amurka, suka taka burki: girman kai ba zai wuce cc 460 ba, kuma aka ƙayyade ƙarfin da fuskar za ta iya mayar wa ƙwallo. Tun fiye da shekara 15 da suka wuce manyan kamfanoni suka kai wannan iyaka, don haka sandar da ta shekara goma, muddin lafiyarta ƙalau kuma an doki ƙwallo da tsakiyar fuskarta, tazarar da ke tsakaninta da sabuwa ba ta taka kara ta karya ba. Ban ce ba a samun ci gaba ba. Ana yin saman kai da zaren kabon don a rage nauyi, a mayar da shi ƙasa da baya ta hanyar dasa ɗan guntun tongistin, wani ƙarfe mai nauyi sosai, wanda hakan ke hana kan murɗewa idan bugu ya kauce. Wannan rangwame ne ga mai kuskure, ba ƙarin ƙarfi ba ne.

Sandunan ƙarfe kuwa, wato waɗanda ba su kai direba tsawo ba, ake tunkarar rami da su, iri biyu ne, na ƙira da na zubi. Na ƙira ana dukan ƙarfe mai taushi ne da zafinsa har ya ɗauki siffa, kuma Japan ta yi suna a wannan aiki. Na zubi ana siffanta kan da kaki, a lulluɓe shi da yumɓu, a narkar da kakin ya fita, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa, wato dabarar da maƙeran tagulla na Benin da Ife suka daɗe da ƙwarewa a kanta. Da zubi ne Karsten Solheim, injiniyan da ya kafa kamfanin Ping, ya yaɗa kai mai kwarmi a baya, wanda aka kwashe nauyin tsakiyarsa aka kai gefe-gefe. A ganina wannan ne ya dace da mai koyo, kuma abin farin ciki shi ne yawanci ya fi araha.

Inda na fi son a tsaya shi ne ƙasan kai, domin nan ne yanayinmu ya shigo. An san Gene Sarazen, ɗan wasan golf na Amurka, da sandar fitar da ƙwallo daga yashi, wadda ya ci gasar Birtaniya da ita a 1932. Hikimarta ita ce ƙasanta yana da faɗi da tudu, bayansa ya fi bakinsa sauka, saboda haka tana sulɓewa cikin yashi maimakon ta nutse. Wannan tudu alheri ne a yashi mai laushi da jiƙaƙƙiyar ciyawa irin ta Turai. Amma a filayenmu na Arewa, da zarar hunturu ya shiga ƙasa ta bushe ta yi tauri, sai tudun ya riga bakin sandar taɓa ƙasa, kan ya yi tsalle, bakin ya sari ƙwallo a ciki, ta fita a guje ƙasa-ƙasa ta wuce rami da nisa. Sau da yawa za ka ga mutum yana zargin hannunsa, nan kuwa sandar ce ba a ƙera ta don wannan ƙasa ba. Manomi ya san fartanyar jigawa daban take da ta fadama. Mai wasa a busasshiyar ƙasa sanda mai siririn ƙasa da ƙaramin tudu yake bukata, komai tsufanta.

Tun da yawancin masu farawa sandunan gwanjo suke saya, zai fi amfani a gaya musu abin da za su duba: ko tsagogin fuskar sun shafe, domin su ne ke kwashe ruwa da ciyawa don ƙwallo ta kama fuskar ta juya, ko akwai tsagewa a fuskar direba, ko kuma wani abu yana kaɗawa a ciki idan an girgiza ta. A kuma yi hattara da jabu, waɗanda fentinsu ke sheƙi amma nauyinsu ba ya inda ya kamata. Doka ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanduna har 14, amma rabin haka ya ishi mai koyo. Ina fata wakilinku zai zauna da masu horarwa a ɗaya daga cikin filayen nan kafin rubutu na gaba, su nuna masa waɗannan abubuwa da sanda a hannu.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karatu daga Kaduna